Shin baƙin mai mai tsada yana ƙara wa mota gudu?

Wani matashin direba daga wani ƙauye a ƙasar Gumel, wanda ke jigilar fasinja a Golf tsakanin Gumel da tashar Yankaba a Kano, ya aiko da wannan tambaya: "Malam, ina kallon tseren motoci a waya, ina ganin sunayen kamfanonin mai a jikin motocin, ana cewa man ne ke ba su gudu. A tasharmu ma wasu sun ce tun da suka koma zuba mai tsadan nan, sintetik, motarsu ta ƙara tashi. Kuɗin galan ɗinsa ya ninka na wanda nake zubawa. In na daure na saya, motata za ta ƙara ƙarfi da gudu? Kuma da gaske ne yana rage wa masu tsere lokacin zagaye?"

Ƙanena, sannu da ƙoƙari, Allah ya tsare hanya. Baƙin mai, komai tsadarsa, ba zai ƙara wa injinka ƙarfin da za ka ji a ƙafarka in ka taka totur ba. Akwai ɗan ƙari, ba zan ce maka babu ba, amma ƙanƙani ne ƙwarai, sai na'urar gwajin inji ke iya kama shi. Amfanin mai mai kyau yana wani wajen daban, kuma amfani ne babba: shi ke hana inji zubar da ƙarfin da aka ƙera shi da shi. To bari in warware maka, don kada ka ɗauki maganata kawai ba tare da ka ga dalili ba.

Ƙarfin mota daga ƙonewar fetur da iska a saman fistin yake fitowa. Baƙin mai ba ya cikin wannan wutar. Aikinsa shi ne ya shiga tsakanin ƙarfe da ƙarfe don kada su haɗu, ya kwashe zafi daga fistin da metal (gammon ƙarfen da karanshaf ke juyawa a cikinsa), ya ɗauke dauɗa ya kai ta filta, ya kuma cike ɗan gibin da ke tsakanin ringi da bangon silinda. Duk da haka inji yana cinye wani kaso na ƙarfinsa wajen juya kansa da kansa, wato gugar ringi da silinda, da juyin karanshaf a cikin metal, da tura bawul, da jan famfon mai. In an taka totur har ƙasa, wannan asara tana kai wajen kashi ɗaya cikin goma na ƙarfin da wutar ta bayar. A cikin wannan ɗaya bisa goman ne kaɗai baƙin mai yake da ta cewa, kuma ba zai iya share ta duka ba, ɗan ragewa zai yi. Shi ya sa in an sauya mai kauri da marar kauri aka gwada inji a na'ura, bambancin da aka saba samu bai wuce kashi 1 zuwa 2 cikin 100 ba.

Mu ɗora wannan a kan motarka. Golf 3 mai inji 1.8 ta fito daga kamfani da ƙarfin doki 90, iyakar gudunta wajen kilomita 180 a awa. A ce ka samu kashi 2 ɗin cif. Doki biyu ma bai cika ba. Kuma iska ba ta barin mota ta ci ribar ƙarfi yadda take so: in kana son ninka gudu sau biyu, sai ka nemi ƙarfi kusan ninki takwas. Da wannan lissafi, kashi 2 na ƙarfi zai ƙara maka kilomita ɗaya da 'yan kai ne a kan 180, abin da allurar maleji ma ba za ta nuna maka ba. Motar nauyinta wajen kilo 1,100 ne. Fasinja guda mai kilo 70 ya ƙara mata kashi 6 cikin 100, ya shafe ribar man nan sau uku. Balle ranar Alhamis da ka taso daga Maigatari, mutum biyu a gaba, huɗu a baya, but ya ƙi rufuwa sai da igiya. Ko yanayi ma ya fi man tasiri: iskar sanyin asuba a hunturu ta fi ta azahar a watan Afrilu nauyi, inji ya fi shaƙar ta da yawa, kuma tsakanin digiri 15 da digiri 42 ƙarfin inji yana iya sauka da kashi 4 ko 5. Kai da kanka ka san mota ta fi daɗin tuƙi da sassafe.

Abin da ya kamata ka riƙe a nan shi ne, ɗan ƙarin nan ma ba tsada ce ke kawo shi ba, rashin kauri ne. Lambobin da ke jikin galan, irin su 20W-50 da 15W-40 da 5W-30, ma'aunin kauri ne na ƙungiyar injiniyoyin mota ta Amurka, SAE. Ka san yadda man gyaɗa ke yin barci a kwalba da sanyin Janairu, sai an kai shi rana ko kusa da murhu kafin ya zubo, in kuma ya ji wuta a kasko ya tsinke. Baƙin mai haka yake, sai dai an haɗa shi don ya rage wannan hali. Lambar farko mai W tana gaya maka yadda yake gudana da sanyi, ƙaramar lamba ta fi saurin kaiwa saman inji in an tayar da mota. Lamba ta biyu kaurinsa ne a digiri 100, wato bayan inji ya ɗau zafi. Mai 50 ya fi mai 30 kauri a wannan zafin, ya fi jan inji baya, amma shimfiɗarsa tsakanin ƙarafa ta fi kauri. Ka ga ciniki ne, ba a samun duka biyun. In ka sayi sintetik 10W-40 a madadin 10W-40 na gama-gari, kaurinsu a zafi kusan ɗaya ne, don haka ƙarfin da inji zai bayar ma kusan ɗaya ne.

A nan mutanenmu ke kuskure ta fuska biyu. Na farko shi ne wanda ya ji an ce marar kauri yana ƙara ƙarfi, ya je ya zuba 0W-20 a injin da ya shekara kusan talatin yana aiki, metal ya ci, ringi ya saki. Sai ka ga fitilar mai tana ƙiftawa in mota ta tsaya a silo da rana, salansa na fitar da hayaƙi shuɗi, geji na sauka kullum. Irin wannan man an yi shi ne don sababbin injina masu matsattsen gibi. Na biyun ya fi yawa a garejinmu: a ɗiga mai a yatsa a murza, a ce wannan ya fi kauri, shi ne mai kyau, a ɗura 20W-50 a kowace mota. Corolla da Camry da Honda na bayan shekarar 2000, masu na'urar da ke sauya lokacin buɗe bawul da matsin mai, yawancinsu 5W-30 ko ƙasa da haka kamfani ya rubuta musu. Hanyoyin man da ke cikin wannan na'ura sirara ne, mai kauri yana jinkirin ratsa su, sai mota ta yi nauyi, ta ƙara shan fetur, wani lokaci fitilar inji ta kama. Mai irin wannan motar in ya koma man da ya dace zai ji ta sake, kuma gaskiya ya ji. Ba ƙarfi aka ƙara mata ba, nata ne da aka danne ya dawo.

Yanzu batun filin tsere. A can ana auna zagaye ne da sakan da ɓurɓushin sakan. Mota ba ta yin zagayen duka totur a ƙasa. Wani yanki birki ne, wani kwana ne, kuma a waɗannan wuraren ƙarfin inji ba shi ne ke hukunci ba, riƙon taya ne da birki da hannun direba. In zagaye yana cin sakan 90, ƙarin kashi 1 na ƙarfi a motar gida da aka kai fili, a lissafina, ba zai ba ka fiye da kashi ɗaya ko biyu cikin goma na sakan ba. Direban da ba ƙwararre ba kuwa, tsakanin zagayensa na farko da na biyu ana samun bambancin sakan guda ko fiye, don kawai ya taka birki da wuri a kwana ɗaya. Sauya taya zuwa masu riƙo yana iya ba da sakanni. Saboda haka duk wanda ya ce ya sauya mai ya ga lokacinsa ya ragu sosai, a bincika, za a tarar akwai wani abin da ya sauya tare da man.

Amma fa masu kai mota fili suna da hujjar sayen mai mai tsada, hujja mai ƙarfi. Zafin mai a tuƙin yau da kullum yana zama wajen digiri 90 zuwa 110. A fili, inji na kuka a saman juyinsa minti ashirin ba hutu, zafin yana haura 130, wani lokaci ya doshi 150. A irin wannan zafi man gama-gari yana tsinkewa, yana ƙonewa, yana barin baƙar dauɗa. Masana mai suna da ƙa'idar cewa duk ƙarin digiri 10 yana kusan ninka saurin lalacewarsa. In shimfiɗar mai ta yanke a metal ko da na ɗan lokaci ne, inji ya buga. Ga kuma kwana mai tsanani da ke watsa mai gefe guda a cikin botom filet, wato kaskon mai na ƙasan inji, famfo ya zuƙi iska maimakon mai. Shi ya sa motocin tsere na gaske ke ajiye mansu a tanki daban. Wasu motocin gudu ma kauri suke nema, ba tsinkewa ba: kamfanin BMW ya daɗe yana rubuta 10W-60 ga wasu injinansa na M, ya yarda a yi asarar ɗan ƙarfi don metal ya tsira. Abin da man kirki ke saya wa mai tsere shi ne zagaye na talatin ya yi daidai da na farko, ya kuma koma gida da injinsa.

Su kuma na Formula 1 da kake kallo, duniyarsu daban ce. A 1997, a filin Jerez na ƙasar Sifaniya, direbobi uku, Jacques Villeneuve da Michael Schumacher da Heinz-Harald Frentzen, sun yi lokaci ɗaya sak a gwajin neman layin gaba, minti 1 da sakan 21.072. Inda ake rabuwa da kashi ɗaya cikin dubu na sakan, rabin kashi na ƙarfi ma dukiya ne, shi ya sa Shell ke aiki da Ferrari, Petronas da Mercedes, Mobil da Red Bull, kowa da masanansa a gefen fili suna gwada man bayan kowane fita. Har ta kai wasu suna barin baƙin mai ya shiga ɗakin wuta ya ƙone tare da fetur don samun ƙarin ƙarfi, sai da hukumar tseren, FIA, ta sa iyaka: lita 0.9 a kilomita 100 a ƙarshen 2017, 0.6 a 2018, sannan 0.3 a 2020. Man da suke zubawa an haɗa shi ne don inji guda, tseren kuma wajen kilomita 305 ne, ba a nemansa da ya yi wata uku a mota yana fama da ƙura. Sunan da ke jikin motar da wanda ke jikin galan a shago ɗaya ne, abin da ke ciki ba ɗaya ba ne. In ma ka samu man tsere na ainihi, bai dace da motar haya ba: sinadarin wanke dauɗa a cikinsa kaɗan ne, kuma wasunsu na da sinadarin zinki da fosfaras mai yawa da ke kashe matatar hayaƙin salansa, wadda makanikai ke kira indomi.

To mene ne sintetik ɗin ke da shi da har ya yi tsada? Kowane baƙin mai kashi biyu ne: gundarin man, wanda shi ne wajen kashi 75 zuwa 85 cikin 100, sai sinadaran da ake zuba masa na wanki da hana tsatsa da hana cin ƙarfe da riƙe kauri. Na gama-gari daga ɗanyen mai ake tace shi, ƙwayoyinsa manya da ƙanana a gauraye. Ƙananan su ke fara tashi da zafi, shi ya sa yake raguwa yana ƙara kauri. Sintetik ƙwayoyinsa sun fi daidaita, ya fi jure zafi, ya fi gudana da sanyi, ya fi daɗewa kafin ya lalace. Mobil 1, wanda ya fito kasuwa a 1974, yana cikin na farko da suka yi suna. Tun bayan wata taƙaddamar talla tsakanin Mobil da Castrol a Amurka a 1999, an yarda a kira man da aka tace daga ɗanyen mai tacewa mai zurfi da sunan sintetik shi ma, don haka kalmar kaɗai ba ta isa ta gaya maka komai ba. Juya galan ka duba bayansa. Za ka ga API, wato ma'aunin ingancin mai na cibiyar man fetur ta Amurka, da haruffa biyu: SL na 2001 ne, SM na 2004, SN na 2010, SP na 2020, kowane sabo ya fi wanda ya riga shi tsauri. In ka ga SF ko SG, ma'aunin tsofaffin injina ne tun na shekarun 1980. Mota mai turbo, kamar Sharon mai inji 1.8T, ita kam ba na ba da shawarar a yi mata rowa: turbo yana zafin da ke dafa man gama-gari ya toshe bututunsa, a nemi wanda aka rubuta VW 502 00 a jikinsa, wato ma'aunin kamfanin da ya ƙera motar.

Abokan aikinka da suka ce mota ta ƙara tashi, ban ƙaryata su ba. Ranar juye yawanci ranar sabis ce gaba ɗaya, an sauya filogi, an sauya ko an kakkaɓe filtar iska, an zubar da tsohon man da ya yi kauri da dauɗa. Ko man gama-gari aka zuba sabo, mota za ta sake. Inji kuma in ya rage ƙara, kunne yana gaya wa mutum cewa ƙarfi ya ƙaru.

Ga abin da zan yi in Golf ɗinka tawa ce. Zan zuba 15W-40 ko 10W-40, in kuma inji ya fara shan mai ko fitila na ƙiftawa da zafi, 20W-50, na kamfanin da aka sani, API SL ko sama. Wajen lita 4 take ci. Kada a wuce layin sama na geji, domin mai in ya yi yawa karanshaf yana kaɗa shi ya yi kumfa, kumfa kuwa ba ta riƙe metal, kuma ƙarfin ma raguwa yake. Zan yi juye duk kilomita 5,000 tare da sabuwar filta, ba juye biyu filta ɗaya ba. Gumel zuwa Kano wajen kilomita 120 ne, in kana zuwa ka dawo kullum, sati uku ka cinye 5,000, saboda haka da maleji za ka riƙa lissafi, ba da wata ba. A Turai ana kai sintetik kilomita 15,000, amma su ba su da hazon hunturu da burjin ƙauye. Ƙura ba ta tambayar kuɗin man da ta faɗa ciki, kuma a nan ne tsadar sintetik ke rasa ribarta a wurinmu, tunda dole ka zubar da shi tun bai gaji ba.

Ƙurar nan ita ce babbar mai kashe injinanmu, ba rashin mai mai tsada ba. Gobe da safe ka kwance robar da ta tashi daga akwatin filtar iska zuwa inji, ka sa yatsa a cikinta ka shafo. In ka ga jan gari a yatsanka, to yashi na wucewa, yana cin ringi da silinda a hankali, kuma babu man da zai hana. Sau da yawa filtar ta yage ne wajen busa ta da iskar mai faci, ko murfin akwatin ya rasa maƙalli ɗaya an ɗaure da waya. Sabuwar filtar iska ba ta kai kuɗin galan ɗin sintetik ba, kuma ta fi shi kare maka ƙarfin mota. Haka al'adar cire tamostat da haɗa fanka kai tsaye don tsoron zafi. Injin da ba ya kai zafinsa na aiki yana shan fetur fiye da kima, fetur ɗin da bai ƙone ba yana gangarawa ya tsinka man. In mota na zafi, a wanke lagireto, a duba famfon ruwa da murfi, a bar tamostat a wurinsa.

Sai jabu, wanda shi ya fi damuna. Man da ya fi tsada shi aka fi yi wa jabu, domin a nan ribar take. Ana bin gareji ana sayen galan ɗin da aka juye, a cika shi da wani abu, a liƙe murfi. Na buɗe injin da mai shi ya rantse mai tsada kaɗai yake zubawa, na tarar dauɗa ta daskare a ƙarƙashin murfin bawul har sai da cokali aka kankare ta, rariyar famfon mai ta toshe saura 'yan ƙofofi. Man gama-gari na gaskiya ya fi sintetik na jabu nesa ba kusa ba. Ka saya a gidan man kamfanin ko wajen dilan da aka sani, ka duba hatimin murfi, a buɗe a gabanka, in an gama juye ka huda galan ɗin. Man awo na kwalba a bakin titi kuwa, wanda ba suna ba lamba, sau da yawa gundarin mai ne tsura babu sinadari ko ɗaya, ka nisance shi. Kuma kada ka tsorata in man kirki ya yi baƙi bayan 'yan kwanaki. Dauɗar da ya wanko ce yake riƙe da ita.

Tunda a gidajenmu galan ɗaya ake raba wa mota da babur da injin ban ruwa, ga gargaɗi: kada ka zuba ragowar sintetik na mota a Boxer. Kulocin babur a cikin man yake wanka, man mota na zamani kuwa akwai masu sinadarin ƙara santsi, sai kuloci ya riƙa zamewa, inji na kuka babur ba ya tafiya. Na babur a nemi mai rubutun JASO MA.

Game da gudu a hanya, dokar hanya ta ƙasa ta tsayar wa motar haya kilomita 80 a awa a babban titi, 90 a tagwayen hanya, kuma injinka yana kai wannan da rabin ƙarfinsa. Da rayuka shida a mota da shanu masu tsallaka titi wajen Gujungu, rarar kuɗin nan ta fi amfani a taya masu kyau da birki. In kuma har yanzu kana son ka gwada da kanka, akwai hanyar da ba ta da haɗari: cika tanki har baki, rubuta maleji, yi sati guda a hanyarka da lodinka na kullum, kana rubuta duk litar da ka ƙara, ka sake cikawa ka raba kilomita da lita. Bayan juye na gaba da ɗaya man, ka maimaita, ba tare da ka taɓa filogi ko filtar iska ko iskar taya a tsakani ba. In ka ga ragin fetur, ka auna shi da bambancin kuɗin galan biyun, sannan ka yanke wanda za ka ci gaba da saya.